Kwamfutar Da Ta Tona Surukin Sufeto

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Hamidu Jibo ya faɗo caji ofis na Gusau, hula a karkace, babbar riga tana sharar ƙasa, ya riƙo wani kati da yatsu biyu kamar wanda ya kamo kunama. Shekarar casa'in da takwas ke nan, jihar Zamfara tana rarrafe, kwamfutocin garin kuwa mutum zai lissafa su bai gama tauna ɓarin goro ba.

Sufeto Lukuman Bello yana kan teburinsa. Yana ɗaga kai ya ga mai shigowa, sai ya zame daga kujera ya durƙusa, a gaban kurata, a gaban masu laifi, da anininsa da komai. Ba abin mamaki ba ne. Alhaji Hamidu surukinsa ne, uban matarsa Nana. Tun da aka ba shi ita bai taɓa kama sunan mutumin nan ba, ko gyaɗa bai taɓa ci a gabansa ba, ido ma ba su taɓa haɗawa ba. "Baba" yake cewa, shi ma can ƙasan maƙoshi.

"Tashi, Sufeto, yau ba gaisuwa ta kawo ni ba. Karanta wanga."

Katin bikin Abdullahi ne, autan Alhaji. Kati mai kyau, tubarkalla: Bisimilla a sama da rubutun Larabci mai lanƙwasa, furanni sun zagaye gefe. Ƙasa kaɗan kuma, da manyan baƙaƙe: IYALAN ALHAJI BAR-WANDO NA FARIN CIKIN GAYYATAR...

Sufeto ya karanta da ido. Ya kife katin a kan tebur, kamar in ya kife shi maganar ta mutu.

"Da ƙarfi na ce ka karanta!"

"Baba... na gani."

Ashe ma an riga an raba. Direban Alhaji ne ya karɓo katunan daga shagon buga takardu, shi kuwa ajami ya sani, boko ko oho. Ya duba ya ga Bisimilla ta zauna daidai, ya ce madalla, aka cusa a ambulan aka watsa: Bungudu, Kwatarkwashi, Wanke, Ruwan Bore. Alhaji bai san wainar da ake toyawa ba sai da mai goron bakin kasuwar Bungudu ya gaishe shi, ya ƙara da cewa, "Alhaji, ya wajen wando?"

Bayan Alhaji akwai wata dattijuwa mai tabarau, tana ta fifita da gefen mayafi. Hajiya Kulu ke nan, 'yar uwarsa, tsohuwar mai buga tafireta ta gwamnati, yanzu tana da shagonta na buga takardu a Tsafe.

"Da ni anka kawo ma aikin da haka ba ta faru ba," in ji ta. "Mi ma ake nufi da wanga suna? Ni ban taɓa jin shi ba. Amma yarinyar da ta buga shi na san ta sarai. Nafisa. Ni na koya mata aiki, ni na sallame ta don rashin kunya."

Di-Pi-O, shugaban ofishin, ya leƙo, ya ji abin da ake ciki, ya danne dariya da tari.

"Sufeto, kes naka ne. Wa ya fi ka jin ciwon abin? Litinin ina son yarinyar a gaban alƙali."

An riga an kawo Nafisa, tana tsugune bayan kanta, siririya, idanu sun yi ja.

"Ke kika buga katin nan?" in ji Sufeto.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Wallahi sunansa na buga, yadda aka rubuto min a takarda."

"To kwamfuta ce ta yi ƙarya? Ba ki ga abin da ya fito a gilashi ba?"

"Ba a kallon gilashi, ranka ya daɗe. Takarda ake kallo, yatsu su yi aikinsu. Haka Hajiya ta koya mana. In ka ɗaga ido, rula ce a yatsu."

"Da aka buga fa?"

"Na ga furanni sun fito ba su cakuɗe ba, na ɗaure na ba direba. Layi ya yi yawa ranar."

Da a ce wani ne mai ƙara, da Sufeto ya tsaya ya yi tunani. Amma surukinsa na tsaye a bayansa yana huci, shi kuma yana so a ga ana aiki. Sai ya daki tebur, ya daka mata tsawar da ta sa har ɓarawon akuyar da ke ciki ya miƙe tsaye.

"Maƙaryaciya! A kai ta ciki!"

Tana wucewa ta ce, a hankali, "Ranka ya daɗe, babana ke jan salla a unguwarmu. In aka kai ni kotu ba zai ƙara iya tsayawa gaban mutane ba."

Ya kau da kai. Amma maganar ta bi shi har mota.

Bayan azahar ya ɗauki Kofur Ɗanjuma suka nufi shagon, can wajen Kantin Daji. Kofur Ɗanjuma mutum ne mai furfura a gemu da tsiya a baki. Mai shagon, Malam Isah, ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe kwamfutar da shi.

"Wa ke taɓa ta?"

"Nafisa kaɗai, ranka ya daɗe. Ni ko kusa ba na zuwa. Ba wanda ya taɓa taɓa ta."

"Kunna."

Ta yi ƙugi, ta yi tari, ta buɗe farin shafi. Sufeto ya tura Kofur kan kujera.

"Buga sunan... Baba."

"Wane Baba, ranka ya daɗe? Babanni da yawa a garin nan."

"Kofur."

"Akwai Baba mai shayi, akwai Baba maigadi..."

"Kofur Ɗanjuma, kana son aikin dare a shingen Tsafe?"

Kofur ya miƙe yatsa ɗaya ya fara farautar baƙaƙe kamar kaza na tsintar tsaba. Alhaji. Hamidu. Jibo. Suna ya fito tsaf. Yana danna dogon madannin nan na ba da tazara, sai sunan ya ƙifta, a kan idon kowa ya juye: Alhaji Bar-Wando.

Malam Isah ya yi tsalle ya daki ƙofa. "A'uzu billahi! Aljani ne!"

Kofur ya sa hula a baki. Sufeto kuwa ya tuna da Nafisa. Yarinyar gaskiya ta faɗa. Ya kira ta maƙaryaciya a gaban jama'a, ga shi ƙarfe ya ƙaryata shi.

"Aljani bai san Bungudu ba," ya ce. "Wani ne ya koya mata. Malam Isah, in ta lalace wa ke gyarawa?"

"Af... sai dai Shu'aibu."

"Ɗazu ka ce ba wanda ya taɓa taɓa ta."

"Ai shi gyara yake yi, ba taɓawa ba."

Aka aika aka kira Shu'aibu. Ya zo da laktaye a wuya cikin wannan zafin, da jakar faya-fayai, yana son a ce masa Injiniya. Duk kwamfutar da ke tsakanin Tsafe da Bungudu shi ke duba ta. Ya zauna, ya ga abin da ke faruwa, ya yi murmushin masana, ya zuba Turanci kamar buhun gero ya yage.

"Da Hausa," in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, abin rubutun nan yana da wurin da ake gaya masa, in an buga kaza ka mayar da shi kaza. Don gyaran kuskure aka yi shi. To wani ya sa masa sunan Alhaji a ciki. Ga shi nan. Na share. Shi ke nan."

Kofur ya sake bugawa. Sunan ya tsaya, bai motsa ba. Shu'aibu ya gyara laktaye, ya fara tattara jaka.

Sai aka ɗauke wuta.

Malam Isah ya yi ta fama da janareta har ya tashi. Aka sake kunnawa. Kofur, da tsokana ta riga ta yi masa daɗi, ba wanda ya sa shi ya sake bugawa. Alhaji Bar-Wando ya dawo, lafiyarsa ƙalau.

Laktayen Shu'aibu ya yi laushi.

"Ka ce ka share."

"Na share, ranka ya daɗe. Wani abu ne ke mayar da shi duk lokacin da aka buɗe."

"Yi min bayani kamar kana yi wa kakarka."

Shu'aibu ya sosa ƙeya. "Ka ga amarya da safe? Kafin ta ɗora tukunya sai ta bi ɗaki-ɗaki ta gaida manya. Uwar miji ta ce gishiri kaɗan. Gwaggo ta ce a ƙara daddawa. In ta zo wurin kaka, kaka ta ce a cika gishiri, to maganar ta ƙarshe za ta bi. Haka abin rubutun nan yake. Da ya farka sai ya bi wasu fayiloli ya karanta, kowanne ya ba shi umarni. Ni miyar na gyara. Mai ba da umarnin tana ɗakinta."

"To mu bi ɗakunan."

Suka fara. Shu'aibu ya ɗauke babban fayil, wanda ya zo da injin tun daga kamfani, ya ajiye shi gefe, ya share sunan, ya rufe, ya buɗe. Kofur ya buga. Bar-Wando. Aka mayar da wannan. Aka ɗauke na shagon, mai ɗauke da sunan Malam Isah da adireshi. Bar-Wando. Duk fitowar da sunan zai yi sai Sufeto ya kau da kai ya kalli silin, kamar surukin nasa ne ya shigo ba riga. Mutane sun fara taruwa a taga, har da mai rake.

Sai Shu'aibu ya buɗe wani wuri da ya ce kamar zaure ne: duk fayil da aka ajiye a ciki, abin rubutun zai gaishe shi da farkawa, ba sai an ce masa ba. Ya ɗauke na kwanan wata. Bar-Wando. Ya ɗauke na jera lambobi. Bar-Wando.

"Sun ƙare, ranka ya daɗe. Ni kam na fara yarda da Malam Isah."

Sufeto bai san kwamfuta ba, amma ya san mutumin da ke kewaye wani abu. Tun ɗazu yake kallon 'yar kibiyar da ke yawo a gilashi. Duk sanda ta zo kan wani ɗan abu a kusurwa, sai ta yi kwana.

"Wannan fa?"

"A'a, ranka ya daɗe, wannan ba a taɓa shi."

"Don me?"

"Bisimilla ce a ciki. Ita ce ke fitowa a saman kati, da furannin. Wa zai sa hannu ya share sunan Allah? Ni dai ba da ni ba."

Malam Isah ya gyaɗa kai da ƙarfi. Mutanen taga ma suka ce gaskiya ne.

Sufeto ya dubi ɗan abin. Shi ma dai ba ya so a ce a hannunsa aka yi.

"Ba sharewa za ka yi ba. In za a share ɗaki, ba a ɗauke allo a ɗora a sama? Ɗauke ta da ladabi ka ajiye a gefe."

Shu'aibu ya goge hannu a wando, ya yi Bisimilla da bakinsa, ya ɗauke. Ya ce akwai kuma wani kwafinta a wani lungun, shi ma ya ɗauke. Ya share sunan, ya rufe, ya buɗe. Kofur ya buga. Alhaji Hamidu Jibo. Aka kashe injin gaba ɗaya aka kunna. Alhaji Hamidu Jibo, daram.

Wato a bayan Bisimilla aka ɓoye tsiyar, inda ba mai leƙawa. Allah na tuba.

"Wa ya haɗa fayil ɗin nan?"

Shu'aibu ya ɗan buɗe kafaɗa. Duk shagon da ya kai wa Bisimillar nan ya gaya musu aikin hannunsa ne.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙwaƙwalwata ce."

Sufeto ya zaro ankwa ya ajiye a kan tebur, ba hayaniya.

"Madalla. Ka hutar da ni."

"Wallahi ba ni ba ne! Ranka ya daɗe, ko Larabcin ban iya ba! A Tsafe na gan shi, a injin Hajiya Kulu, ranar da na je gyara. Na kwafa a faifai ban gaya mata ba."

"Don me kwafi biyu a nan?"

"Haka nake yi ko'ina. In ɗaya ya lalace kada sunan Allah ya ɓata. Ita ma Hajiyar na ajiye mata na biyu a zauren injinta, ba ta ma sani ba."

Sufeto ya mayar da ankwa aljihu. A mota Kofur ya ce, "To a saki yarinya mana."

"Ba yanzu ba. A Tsafe ta koyi aiki, a kan injin Hajiyar. Hajiya za ta ce ita ce ta sa kafin a sallame ta, Di-Pi-O kuma zai yarda. Sai na san wa ya san sunan nan tun asali."

"Sai ka tambayi Alhaji."

Sufeto ya kalle shi. Kofur ya kama bakinsa.

Ba wanda ya rage sai Inna Mairo, uwar Nana. Kai jama'a! Mutum ya je ya tambayi surukarsa yadda aka yi mijinta ya rabu da wandonsa. Ranar Juma'a da safe Sufeto ya isa Bungudu, ya tabbatar Alhaji ya fita gona, ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa ƙofar ɗakinta, ya juya fuska ga bango. Ita kuma tana bayan asabari. Suka yi gaisuwa har ta ƙare, suka sake ta daga farko.

"Inna... aiki ne ya kawo ni. Kan maganar... katin nan."

Sai ya ji wani sauti kamar ana tace koko. Dariya take, ta toshe baki da zani.

"Allah ya shirye ka, ɗan nan. To, tunda hukuma ta tambaya. Yana saurayi ne, can Kwatarkwashi. Ya yi ma 'yammata alkawarin zai hau dutse ya ɗebo masu zuma. Ya hau. Ashe birai na wurin. Sunka biyo shi, ya gangaro da gudu, ƙaya ta kama wando, shi kuwa bai tsaya jayayya da ita ba. Haka ya faɗo tsakiyar masu ɗibar ruwa."

Sufeto ya ƙura wa bango ido kamar zai huda shi.

"Wa ya san da wannan, Inna?"

"Waɗanda sunka gani duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaina labari anka ba ni. Sai ita mai raɗa sunan."

"Wace ce?"

"Wa zai raɗa ma mutum irin wanga suna in ba taubashiya ba? Kulu mana, ɗiyar kawunsa. Tana cikin masu ɗibar ruwan. Har yau in sun keɓe da shi take kiransa, shi kuma ya ce mata Kulu mai kan tulu. Ba su girma ba su biyun."

Ni ban taɓa jin shi ba. Haka Hajiya ta ce a caji ofis, tana fifita. Alhaji kuma fushi ya rufe masa kunne, ko kuwa kunyar a san da gaske sunan nasa ne ta hana shi tanka mata.

"Ina Baba zai je gobe, Inna?"

"Tsafe. Kulu ta ce za ta sake buga mashi katin da hannunta. Har janareta zai kai mata, wai sun kwana biyu ba wuta."

Asabar da safe Sufeto da Kofur suka iske janaretan Alhaji na ruri a ƙofar shagon Hajiya Kulu. Ciki Alhaji na kan kujera yana jan carbi, Hajiya na gaban kwamfuta, yatsunta na gudu kamar na budurwa. Sufeto ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya juya ya gaida Hajiya, don ita ma ai suruka ce.

"Ka zo a daidai," in ji ta. "Zo ka ga yadda manya ke aiki."

Ga shi a gilashi: IYALAN ALHAJI HAMIDU JIBO. Ba ƙifta ba juyi.

"Ya yi kyau, Hajiya. Sai dai ban ga Bisimilla a sama ba."

"Injina bai da ita. Wannan kayan 'yan Gusau ne."

"Shu'aibu ya ce a nan ya samo ta."

"Shu'aibu? Wanda laktaye ya shaƙe ma ƙwaƙwalwa? Ka bincika in kana so."

"Ba sai na bincika ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. A rufe abin rubutun, a sake buɗewa, a sake buga sunan."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta yi 'yar dariya. Ita a saninta ta gama da wannan tun da safe. Wuta na samuwa ta ce wa Alhaji inji sai ya yi ɗumi, ta lallaɓa ta share sunan, ta jefar da fayil ɗinta, ta gwada ta ga lafiya lau.

Ta rufe. Ta buɗe. Ta ma juya tana kallon Sufeto tana bugawa, yadda ta koya wa yara, ba a kallon gilashi.

Alhaji ne ya fara gani. Carbi ya faɗi daga hannunsa.

Ta waiga. ALHAJI BAR-WANDO, manya-manya.

"Kai! Ai na cire shi! Da hannuna na cire shi ɗazu!"

Kofur Ɗanjuma ya zaro biro a hankali.

"Me kika cire, Hajiya?" in ji Sufeto, idonsa a kan tabarma. "Abin da injinki bai da shi?"

Ta kau da kai daga gilashin.

"Naki kika cire. Akwai na biyu da Shu'aibu ya ajiye miki a zauren injin, don kada Bisimilla ta ɓata. Shi ne ya gaida abin rubutun yanzu da ya farka."

Hajiya Kulu ta cire tabarau. Ta ajiye a kan tebur.

"Wasa ne," ta ce. "Wallahi wasa ne, Hamidu. Da na koyi abin, na ce bari in sa sunanka. Duk sanda za ni buga maka wata takarda sai ya fito, in yi dariyata ni kaɗai, in gyara. Na sa shi cikin na Bisimilla don na san yara ba su taɓa shi. Ina zan san ɓarawon laktaye zai kwashe shi ya yi ta rabo kamar waina?"

"Da katin ya fito fa?" in ji Sufeto.

"Da na gani na san nawa ne. Na tashi in je in faɗa, na iske garin duk ya ɗauka. Ni, da furfurata, da Hajiyata, a ce ni na kunyata gidanmu a bikin ɗanmu? Sai na ji an ce an kama Nafisa... Ban sallame ta ba. Ita ta tafi, don Gusau ta fi kusa da iyayenta. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba."

Sufeto ya ji kamar da shi ake. Shi ma ai don kada ya ji kunya gaban mutum ɗaya ya tura 'yar mutane ciki.

"Kofur, tsallaka caji ofis na Tsafe ka buga waya Gusau. A fito da ita yanzu. Ka ce a ba ta kujera, kada ta tafi sai na zo. Da kaina zan kai ta gida, in tsaya gaban babanta."

"Me za ka ce masa, ranka ya daɗe?"

"Abin da na ce mata a gaban jama'a, a gaban jama'a zan janye shi."

Sai ya miƙe, ya gyara bel. Wannan ne wurin da ya fi wuya.

"Hajiya, sunan wasa ba laifina ba ne, tsakaninku ne. Amma kin yi wa hukuma ƙarya, kin yi wa yarinya ƙazafi har ta kwana biyu a tsare. Sai mun je Gusau kin ba da sitatimen."

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki carbinsa, ya kakkaɓe.

"Kulu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Tun muna da haƙoranmu duka kike kirana da sunan nan, na taɓa kai ki ƙara? Da kin zo kin ce ke ce, da na tara mutane na ba su labarin tulun da ya maƙale miki a kai, mu yi kunnen doki, a sha biki. Wando na bari a dutse, Kulu. Ke ɗiyar mutane kika bari."

Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, har tabarau ta manta a kan tebur.

A waje 'yan kasuwar Tsafe sun yi cirko-cirko. Ba a sa mata ankwa ba. Kofur ya yi gaba, ita a tsakiya, tana laluben hanya da ƙafa. Sufeto Lukuman ya buɗe mata ƙofar mota da hannu biyu, kansa a sunkuye kamar mai gaisuwa, don ko an kama suruka ba a kallon idonta.

Ya koma shagon ɗauko tabarau. Alhaji na tsaye gaban injin, shi da sunansa suna kallon juna.

"Sufeto."

"Na'am, Baba."

"Ta ina ake kashe wagga aba?"

Sufeto ya lalubi madannin, fuskarsa na kallon bango, ya danna.